Sifilin Manaja

A duk kamfanin zanen gine-ginen nan babu wanda bai san cewa Manaja ne ya fara komai ba, domin shi da kansa yake faɗa, kullum, tun kafin mutane su gama zama. In aka ce wani ya ƙirƙiro abu a wata ƙasa, sai ya gyara zaman tabarau ya ce ai tun shekara takwas da suka wuce ya yi wannan tunanin, lokaci ne kawai bai samu ba. Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Ni-na-fara. A gaban idonsa kuwa dole a ce Manaja, don ya taɓa yin sati guda ba ya amsa gaisuwar wani direba da ya kira shi malam.

Aikinsa, in aka kwashe kumfar da ke kai, aiki ne na gaske. Kafin a haƙa ko rami ɗaya, kamfanin yakan gina ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, shi suke kira samfuri. Mai zane ya kawo bangaye da ƙofofi, injiniyan kankare ya kawo ginshiƙai da bim ɗin da ke ɗauke da bene, injiniyar famfo ta kawo bututunta da banɗakunanta, na lantarki ya kawo wayoyinsa. Manaja ne ke haɗa su wuri guda, ya bi lungu-lungu yana neman inda bututu ya ratsa cikin bim, ko inda waya ta bi ta tsakiyar ƙofa. Irin wannan wurin sunansa karo. Karon da aka kama a kwamfuta gyaransa minti biyar ne, wanda ya tsere ya kai fili kuwa sai an ɗauko guduma.

Duk ranar Talata yakan tara injiniyoyin a ɗakin taro, ya kashe fitila, ya haska samfurin a bango, ya ɗauki ɗan alƙalaminsa mai jan haske yana nuna wa kowa laifinsa. Nan yake cin kasuwarsa. Zai tsayar da jan ɗigon a kan wani bututu, ya yi shiru har mai bututun ya fara mutsu-mutsu a kujera, sannan ya tambaya cikin sanyin murya ko a makaranta aka koya masa haka ko baiwa ce. Shekara tara ana haka ana haƙuri, saboda dai yana kama karon.

Sai ga mai kamfani ya dawo daga tafiya da wata sabuwar manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake rubuta wa magana kamar mutum ta ba da amsa. Ranar Litinin da safe aka gwada ta a kan aikin da ke hannu, asibitin haihuwa mai hawa huɗu da wata tsohuwar likita za ta gina. Manaja ya yi sati uku yana bin samfurin asibitin nan, ya tara karo ɗari shida da 'yan kai, har ya sa an buga masa su a takarda mai bango. Manhajar ta yi minti huɗu ta fito da dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha biyu, kowanne da hotonsa da hawan da yake.

Injiniyar famfo, wadda ta fi kowa shan jan haske a shekarun nan, ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Mai kamfani mutum ne da ba ya ɗaga murya, ya fi son ya faɗi magana yana kallon silin. Ya ce ranar Alhamis likita za ta zo ganin samfurinta, bayan nan kuma zai zauna ya duba ko kamfanin yana bukatar manaja har yanzu, ko kuwa mai danna maɓalli ya isa. Bai kira sunan kowa ba, amma manaja ɗaya ne a kamfanin.

Manaja ya tsorata sosai. Sai dai shi mutum ne da in ya tsorata bakinsa ke riga shi tashi. Ya miƙe ya ce nemo karo ai aikin ƙananan ma'aikata ne, shi da ma ya daɗe yana neman wanda zai sauke wa wannan wahalar. Aikin manya shi ne kawar da karon. Ya ce a ba shi zuwa Alhamis, ba taro, ba injiniya ko ɗaya, daga shi sai wannan 'yar aikin da aka kawo masa, zai miƙa samfurin asibiti da karo sifili.

"Sifili?" in ji injiniyar famfo. "Ko kejin kaji aka zana sai an samu karo biyu."

"Kejin da kika sa wa famfo, ƙwarai kuwa," in ji Manaja.

Mai kamfani ya ce shi ke nan, Allah ya kai mu Alhamis.

Da yamma Manaja ya tarar da ɗan kawunsa a gida, abokin wasansa, magini ne, yana zaune a tsakar falo da ragowar siminti a farcensa yana shan shayi. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Maginin ya tambaye shi yau gidaje nawa ya gina waɗanda ba a kwana a ciki. Manaja ya ajiye jaka ya ba shi da matar gidan labarin sifilin tun daga farko, sai dai a nasa labarin shi ya ba mai kamfani shawarar sayo manhajar, kuma ana rade-radin za a ƙara masa girma. Ya ce nan da shekara biyar magina sai dai a gan su a hoto, ya kuma gayyaci ɗan kawun nasa ya zo ranar Alhamis ya ga abin da zai gaje shi. Maginin ya ce zai zo, ko don ya sha iskar ofis.

Matar Manaja ba ta yi dariya ba. Shekara goma sha huɗu tana tare da shi, ta san duk ranar da cika bakinsa ya kai haka akwai abin da ke cin sa. Da baƙon ya tafi ta ce masa ita ba ruwanta da sifili, ya dai riƙe aikinsa, yara uku ne a makaranta. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, na'ura ba ta taɓa kayar da wanda ya san kanta ba.

Talata da sassafe ya rufe ƙofar ofishinsa, ya liƙa takarda cewa ba a shiga, ya naɗe hannun riga ya rubuta wa manhajar cewa ta kawar da karon duka. Ta amsa da ladabi, ta ce za ta iya gwadawa, amma tana da tambayoyi ashirin da ɗaya. In bututu da bim suka haɗu, wanne zai kauce? Tsayin silin nawa ne ba za a sauka ƙasa da shi ba? Akwai ɗakunan da bututun ƙazanta bai kamata ya bi ta samansu ba? Manaja bai kai ta huɗu ba ya ja tsaki. Ya ce 'yar aiki aka kawo masa ko alƙali. Ya rubuta mata da manyan baƙaƙe cewa kada ta sake tambayarsa komai, ta yi abin da aka sa ta.

Ta kuwa yi. Kafin shayinsa ya huce lambar karon ta faɗo daga dubu da wani abu zuwa ɗari biyu. Manaja ya buɗe ƙofa da kansa, ya manta da takardar da ya liƙa, ya kira duk wanda ke kusa ya zo ya ga aikin manya. Mai zane ya shigo, ya karɓi kwamfutar ya leƙa koridon hawa na biyu, ya sa ɗan hoton mutum da suke gwada tsayi da shi. Kan mutumin ya shige cikin silin har wuya. Ashe manhajar ta sauke duk bututun ƙasa da bim, ta kuma sauke silin ƙasa da bututun, koridon ya koma mita ɗaya da rabi.

Injiniyar famfo ta tambaya ko likitocin da rarrafe za su riƙa zagayen marasa lafiya. Na lantarki ya ce ai an yi wa jarirai adalci, tunda asibitin nasu ne. Manaja ya ce gwaji ne ya yi musu, yana so ya ga ko suna lura, kuma ya ji daɗi sun lura. Ya kore su ya rufe ƙofa.

Ya rubuta wa manhajar kada ta ƙara taɓa silin. Ta ce to. Wani ɗan akwati ruwan ɗorawa ya fito a kusurwar allo da rubutu a ciki, ya danne shi bai karanta ba. Lambar ta sauko casa'in. Yanzu kam Manaja ya yi wayo, bai kira kowa ba, amma injiniyan kankare ya shigo neman abin huda takarda. Dattijo ne mai shiru, shekara tara a taron Talata ba a taɓa jin ya ce komai ba sai to. Ya kalli allon sau ɗaya, ya matso, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Manhajar ta bar silin a inda yake, ta huda wa kowane bututu hanya ta cikin bim, huda ɗari uku da wani abu, bim ɗin da ke ɗauke da bene sun koma kamar rariya.

Dattijon ya nemi kujera ya zauna, ya nemi ruwa aka ba shi. Sannan ya yi doguwar maganarsa ta farko a kamfanin. Ya ce wannan asibitin ba sai ya jira an kawo masa marasa lafiya ba, ranar buɗewa zai samar wa kansa, tun daga mai yanke ƙyalle. Kafin azahar maganar ta zaga ofis, har mai gadi ya leƙo ya ce shi ma a nuna masa rariyar.

Manaja ya hau dokin zuciya. Ya rubuta kada ta taɓa silin, kada ta taɓa bim, kada ta taɓa bango, kuma ta kawar da karo. Akwatin nan ya sake fitowa, ya fi na ɗazu tsawo. Ya ce wannan 'yar aikin ta cika surutu, ya shiga inda ake saita ta ya kashe akwatin gaba ɗaya. Da ta rasa hanya a ciki, sai ta fitar da bututun ta tagogi, ta zagaya da su bayan gini, ta shigo da su ta wasu tagogin. Babban bututun ƙazanta na hawa na huɗu ya sauko ya gilma ta gaban ƙofar shiga, daidai goshin mutum. Mai shara da ta shigo kwashe kwandon takardu ta tsaya ta kalli allon, ta ce kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, ta ɗauki kwandonta ta fita.

Ranar Laraba ido ya raina fata. Manaja ya taɓa nan ya taɓa can har shi kansa bai san wane ne ainihin ginin ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya yanke shawarar ya share ɓarnar duka, ya mayar da silin da bim yadda suke, ya sake ɗauko fayil ɗin famfo da na lantarki sababbi ya haɗa.

To, a wannan sana'ar akwai abin da ake kira turke. Wuri ne guda da ake yarjejeniya a kai tun ranar farko, a ce ga kusurwar fili, kowa ya auna nasa daga nan. In mai bututu ya auna daga turken kowa, bututunsa zai faɗa cikin ginin. In ya auna daga nasa turken, bututun zai tafi inda Allah ya kai shi. Manaja ya san wannan fiye da sunan 'ya'yansa, ya sha tsayar da jan haske a kan mutane saboda shi. Da ya ɗauko fayilolin, kwamfuta ta tambaye shi a wane turke za a ɗaure su, na kowa ko nasu. Daidai lokacin mai kamfani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya leƙo ya ce ya ake ciki. Manaja ya juya yana murmushi yana cewa komai ya kusa, yatsansa kuma ya danna abin da ya danna.

Da ya waiwayo, lambar da ke allo sifili ce.

Ya kalle ta, ya goge tabarau, ya sake kallo. Bai leƙa cikin ginin ba, bai buɗe ɗaki ko ɗaya ba, don a zuciyarsa yana tsoron in ya taɓa wani abu sifilin ya tashi. Ya buga shi a takarda, ƙaton sifili mai cika shafi, ya liƙa a ƙofa, ya liƙa a ɗakin taro, ya liƙa ɗaya a saman tulun ruwan sha. Injiniyar famfo ta zo ta ce ya ba ta minti biyu ta duba bututunta. Ya ce bututun ba nata ba ne yanzu, sun shiga hannun ƙwararru. Ta ce ita fa hankalinta bai kwanta ba. Ya ce hassada haka take, ba ta barin mutum ya huta, ya kulle kwamfutar ya fita ya sayo sabon kwat.

Alhamis ƙarfe goma ɗakin taro ya cika. Likita ta zo da sandarta, tsohuwa ce gajera mai kaifin ido, wadda ta yi shekara arba'in tana karɓar haihuwa kuma ba ta saba jiran kowa ba. Maginin yana can baya cikin wankakkiyar riga, ya miƙe ƙafa a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Manaja ya tashi cikin kwat ɗinsa ya yi jawabi na minti goma sha biyar. Ya ce a tarihin kamfanin ba a taɓa yi ba, shi ne ya fara. Ya ce na'ura doki ce, sai da mahayi. Likita ta duba agogo ta ce ita ginin ta zo gani.

Aka ɗaura mata tabaran da ake shiga cikin samfuri da shi, abin da take gani kuma yana fitowa a bango kowa yana kallo. Ta shiga ta babbar ƙofa, ta bi korido mai faɗi mai tsayi, ta gyaɗa kai. Manaja ya kalli mai kamfani ya ɗaga gira. Ta hau bene ta shiga ɗakin haihuwa, ta juya dama, ta juya hagu, ta tambaya ina wurin wanke hannu. Manaja ya ce sabon salo ne, ana ɓoye shi a bango don tsafta. Ta ce a ina a bangon. Ya ce ta ci gaba, za ta gani.

Ta buɗe banɗaki. Ɗaki ne fes, bango huɗu da ƙofa, babu masai, babu famfo, babu ko ramin da ruwa zai bi. Ta buɗe na biyu, haka. Ta ɗaga kai a ɗakin tiyata, babu fitila, babu wurin sa fulogi. Gumi ya fara tsattsafo wa Manaja ta cikin sabon kwat. Ya ce wataƙila tabaran ne ba su gama ɗaukowa ba, irin wannan fasahar tana son haƙuri. Likita ta taka zuwa tagar hawa na uku ta leƙa waje.

A samfurin an sa titi da maƙwabta don a ga yadda ginin zai zauna, kuma a tsallaken titin tashar mota ce. Can a saman tashar, a sararin Allah, ga banɗakunan asibitin nan su arba'in a jere, hawa-hawa, kowanne da bututunsa, ba bango ba ƙasa. Wuraren wanke hannu suna rataye a gefensu. Babban bututun ƙazanta ya sauko ya tsaya a kan rumfar da fasinjoji ke jira. Wayoyin lantarki kuwa sun yi nasu wuri, ana hango fitilun ɗakin tiyata a bayan wani gidan mai.

"Ɗan nan," in ji Likita, ba ta ko cire tabaran ba, "mai naƙuda in ta matsu, titi za ta tsallaka, ko tsani za ku ba ta?"

Dariyar da aka yi kwana uku ana dannewa ta ɓalle. Injiniyan kankare har da buga tebur. Manaja ya buɗe baki ya ce ai wannan wani mataki ne na aikin, ana raba su ne don a gan su da kyau. Sai murya ta taso daga baya.

"Ɗan'uwa, turke ka kuskure," in ji maginin. "Ni ma na taɓa yi, na haƙa wa wani masai a filin maƙwabcinsa. Amma ni ɗaya na haƙa."

Injiniyar famfo ta jawo kwamfutar ba tare da neman izini ba, ta kunna akwatin da Manaja ya kashe. Rubutu ya zubo ya cika bango. Layin farko yana cewa sassan ginin ba a turke ɗaya suke ba, wannan sifilin ba na gaskiya ba ne, a duba kafin a nuna wa kowa. Manhajar ta maimaita wannan gargaɗin sau goma sha bakwai tun jiya. Injiniyar ta ɗaure komai a turken kowa, banɗakunan suka bar tasha suka dawo gida, lambar ta koma dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha biyu, daidai inda take ranar Litinin.

Mai kamfani ya kalli silin ya fara cewa sabuwar fasaha ce, ana kan sabawa da ita. Likita ta cire tabaran ta ce to a ba ta fasahar, da ita za ta yi magana. Injiniyar famfo ta zauna tana rubuta abin da tsohuwar ke faɗa. Likita ta wanke manhajar tas, ta ce da rayukan mata ake wasa. Manhajar ta amsa cewa Likita ta yi gaskiya, tana ba da haƙuri, ko akwai wani abin da za ta taimaka da shi. Likita ta ƙara mata da wanda ya fi zafi. Manhajar ta gode mata da wannan muhimmin bayani.

Ran tsohuwar ya ɓaci fiye da da. Ta ce shekara arba'in tana yi wa mutane faɗa, ba ta taɓa yi wa wanda ya gode mata ba, wannan abin ba shi da fuska. Ta juya a hankali ta sauke ido a kan Manaja.

Minti ashirin ta yi a kansa. Ta fara daga kwat ɗin, ta bi ta jawabin, ta sauka a kan takardun sifilin da ta gani tun daga ƙofa. Manaja ya yi tsuru-tsuru, kunnuwansa suka yi zafi, gumi ya sauko ta haɓarsa yana ɗiga a kan takalmi. Ya nemi aljihun da zai sa hannu ya tarar ba a farke ɗinkin aljihun sabon kwat ba. Sau uku yana cewa ranki ya daɗe, sau uku tana cewa ba ta gama ba. Da ta gama sai ta ja numfashi, fuskarta ta saki, kamar wadda ta sha ruwa bayan doguwar tafiya.

"Yauwa," in ji ta. "Wannan yana ji."

Sannan ta gaya wa mai kamfani sharaɗinta. Ta ce ba ta damu ba ko aljani ne yake nemo musu karon. Amma ranar da ruwa ya ƙi zuwa ɗakin haihuwa tana son mutum mai wuya wanda za ta kama wa riga. Tana son wanda zai karanta duk abin da na'urar ta rubuta, layi-layi, ya zauna da injiniyoyi su yanke, ya sa hannu da sunansa a kowane shafi, kuma duk Alhamis ya zo ya tsaya a gabanta. Ta nuna Manaja da sanda ta ce wannan take so, ta riga ta san inda ke masa ciwo.

Da ɗakin ya watse, mai kamfani ya tsayar da shi. Wannan karon bai kalli silin ba. Ya ce gaskiya da safen nan takardar sallamarsa tana cikin aljihun tebur, saura sa hannu. Amma yau ya ga abin da manhajar ba za ta taɓa iyawa ba, ko nawa aka ƙara mata basira: ba ta jin kunya, ba ta gumi, kuma babu mai gini da zai huce a kanta. Ya ce Manaja ya ci gaba da zama a kujerarsa, ya fara da tambayoyin nan ashirin da ɗaya, taron Talata kuma injiniyar famfo ce za ta riƙa jagoranta.

Manaja ya ji daɗi, ya kuma ji kunyar da bai taɓa ji ba, duka a lokaci guda. Ya bi ofis yana ciccire takardun sifilin da hannunsa, ya cusa su a jaka don kada mai shara ta gani.

A gida ya tarar maginin ya riga shi, ya ba da labarin har da kwaikwayon sandar Likita, ya sha shayi ya tafi. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofar kicin, idonta ya yi ja, ba a san ko na dariya ba ne ko na fargaba. Ta karɓi jakarsa ta tambaye shi a hankali ko an sallame shi.

Ya gyara wuyan kwat ɗin da ya jiƙe.

"Sallama? Mai kamfani da bakinsa ya ce akwai abin da nake yi wanda babu na'urar da za ta iya a duniya."

Ta daɗe tana kallonsa, tana neman ƙaryar a fuskarsa kamar yadda ta saba, ba ta same ta ba.

"Mene ne abin?" in ji ta.

Manaja ya zauna ya fara kwance igiyar takalmi, ya ce ta kawo masa ruwa tukuna.